Ƙarafa a Aljihun Ƙanena

Ni dai yau ku bar ni in yi magana, don bakina ya ƙi rufuwa tun safe. Matan da ke jinya kusa da mu sai kallona suke yi. Wata ma ta kasa haƙuri ta ce, "Baiwar Allah, ke da naki yake kwance ba jini a jiki, murnar me kike yi?" Na ce mata, "Ki bari kawai, ba ki san wanda ke kwancen nan ba." Shi ne na ce to bari in faɗi ko wane ne, kowa ya ji. Karatuna bai yi nisa ba, firamare ma da ƙyar na ga ƙarshenta, saboda haka yadda ya zo bakina haka za ku ji shi.

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙusa ake ce masa. Yana kwance a babban asibiti, jini ake nema masa, kuma irin jininsa ba ya samuwa. In an samu zai tashi, in ba a samu ba, to. Maganar ke nan.

Babanmu ne ya sa masa sunan. Ya ɗaga shi yana jariri ya juya shi ya ce, "Wannan ai ƙusa aka haifa mana, kai ne kawai babba, sauran duk tsinke." Sunan ya bi shi har yau, ko a wurin aiki ba wanda ya san na yanka. Innarmu ta rasu yana rarrafe, sai ya dawo bayana. Da shi nake zuwa makaranta a goye. Malaminmu yana rubutu a allo shi yana tsala ihu, har ran nan malam ya ajiye alli ya ce, "Ke, ko ni ko shi, ɗaya zai yi magana a ajin nan." Maƙwabta kuwa kullum cewa suke yaron nan ba mai daɗewa ba ne. Ya daɗe kuwa, ya bar su da bakinsu.

Abin dariya, duk layinmu ba yaron da ya kai shi tsoron allura. In masu rigakafi suka shigo, sai a neme shi a rasa. Sau ɗaya a cikin bahon wankina na same shi, ya lulluɓa da jiƙaƙƙen zanen gadon mutane, haƙoransa na kaɗawa. Ni wanki da guga nake yi, tun ina yarinya har yanzu da nake da nawa 'ya'yan. Da sana'ar nan na ciyar da shi.

Da ya tasa na kai shi wurin Baba Mai Walda, can bakin titi kusa da masu facin taya. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "'Yata, wannan in iska ta taso wa zai riƙe mini shi?" Na ce, "Baba, ka ɗaure shi a jikin janareto." Ya yi dariya ya karɓe shi. Makon farko ya ƙi sa baƙin gilashi wai ba ya gani da kyau, wutar walda ta shiga idonsa, ya dawo gida yana kuka wai yashi aka zuba masa a ido. Na yi ta ɗora masa tsumma mai sanyi ina zaginsa. Amma fa hannu, Allah ya ba shi. Teburin gugata shi ya yi mini, har yau ko girgiza ba ya yi. Ƙofar da Ƙusa ya yi, ɓarawo ya gan ta sai dai ya yi mata sallama ya wuce. Aure ne dai ya ƙi. Wadda ya so ta ce masa ya je ya yi ƙiba tukuna, kada a ce ba ta iya girki ba. Yana ba ni labarin yana dariya, amma na san ya ji ciwo.

To sai ambaliyar ruwan nan ta zo. Kun dai san yadda aka yi. Unguwar gangare duk ta tafi, aka kwashe mutane aka zuba su a makarantar firamare, aji ɗaya gida nawa-nawa, an raba da zannuwa. Ruwa bai gama janyewa ba sai zazzaɓi ya sauka. Ba irin wanda muka saba ba. Wannan shan jini yake yi. Yaro yana wasa yau, jibi ka ja fatar idonsa ka ga fari fat kamar takarda, tafin hannu fari, leɓe fari. 'Yan agaji suka zo suka kafa tanti a filin makarantar, babban asibiti ya cika har baranda.

Abin da ya fara kai Ƙusa wurin ba jini ba ne, ƙofa ce. An kira shi ya gyara ƙofar ɗakin da suke ajiye magani. Ya dawo ya zauna a kan bokitina ya ƙi cin abinci.

Na ce, "Kai kuma lafiya?"

Ya ce, "Yaya, kin san da me suke rataye ledar ƙarin ruwa? Da hannu. Uwa ce za ta tsaya ta ɗaga leda sama, in hannun ya gaji ta sauya. Na ga wata tana gyangyaɗi a tsaye, ledar ta sauko, jinin yaron ya biyo robar yana hawa sama."

Washegari ya je ya roƙi tsofaffin bencinan makarantar da ruwa ya lalata, ya cire ƙafafun ƙarfen, ya riƙa haɗa su yana yin sandar rataye leda. Ƙafa uku a ƙasa, ƙugiya biyu a sama. Baba Mai Walda ya yi ta faɗa wai man janareto na ƙarewa a aikin da ba ko sisi, amma shi da kansa yake riƙe masa ƙarfen. Ku shiga tantin nan yanzu, duk sandar da kuka gani da ɗan koren fenti a ƙafarta, aikin ƙanena ne. Ni nan da kuke gani, yayarsa ce!

A wurin kai sandunan ne ya haɗu da Sista. Sista ita ke kula da ɗibar jini a babban asibiti, wata doguwa mai gilashi, ba ta dariya sai ta gaji. Ya ji tana faɗa wa wani uba cewa firjin ajiye jini ba komai, ya je ya nemo masu bayarwa. Mutumin ya ce duk danginsa suna kwance. Sai Ƙusa, Ƙusan nan dai mai ɓuya a baho, ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa.

Sista ta ce, "Hau sikeli."

Ya hau. Ta leƙa ta ce, "Sauka. Kai ai kai ya kamata a ƙara wa. Nauyinka bai kai ba."

"Saura nawa?"

"Saura kaɗan, amma kaɗan ɗin ne dokar. Je ka ci abinci."

Wani zai tafi ya ci abincin. Ƙanena mai walda ne. Ya koma rumfar walda, ya cika aljihun wando da noti da bolti, ya sa guntun ƙarfe a cikin kowane takalmin aiki, ya bari sai da Sista ta ɗan fita wata ta karɓe ta, ya koma ya hau sikeli. Nauyi ya kai har da ɗoriya. Aka ɗiba. Da aka gwada jinin sai ga Sista ta zo da gudu, wai ina mai jinin nan? Ashe irin nasa ne suke nema ido rufe. Wai in ka tara mutane cike da mota, da ƙyar ka samu ɗaya ko biyu masu shi, kuma mai irinsa ba ya karɓar na kowa sai nasu. Ta gan shi ta ce, "Kai ne? Yaushe ka yi nauyi?" Ya ce, "Ai kin ce in ci abinci." Ta ba shi madara da burodi, ta ce kada ya sake bayarwa sai bayan wata uku, jiki na bukatar ya mayar.

Ya zo mini ranar yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe, da auduga manne a hannu.

Na ce, "Kai? Allura? Ba ka suma ba?"

Ya ce, "Na rufe ido na yi ta kiran sunanki."

Wallahi na ji daɗi. Na soya masa hanta, na bi layi ina faɗa wa kowa.

Abin da ban sani ba, wurin ɗibar jini uku ne a garin. Akwai babban asibiti, akwai tantin 'yan agaji, akwai ƙaramin asibitin haihuwa na bayan kasuwa. Kuma a rikicin nan ba wanda ya san abin da ɗaya yake yi. Shi kuwa kullum yana cikinsu da sandunansa, kunnensa na jin komai. Da ya ji an ce ga wata yarinya a tanti mai irin jinin nan, sai ya cika aljihu ya miƙa hannun dama, tunda na hagu akwai tabo. Da ya ji mai haihuwa na zubar da jini a bayan kasuwa, sai ya koma na hagu, tabon ya warke. Ya daina sa riga mai gajeren hannu, a zafin nan.

A wanki na kama shi. Ni ba a ɓoye mini abu a tufafi. Na juya wandonsa na ga aljihu duk tsatsa, ja wur, ɗaya ya huje an ɗinke shi da wayar wuta. Na ɗauki na biyu, haka. Na tafi rumfar da wandon a hannu. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango yana haki, alhali ƙaramin ƙarfe kawai ya ɗaga.

Na ce, "Naɗe hannun rigarka."

"Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla. Naɗe!"

Na ga tabo nan, tabo nan. Na ja fatar idonsa. Fari fat.

Na ce, "Sau nawa?"

Ya ce, "Ba yawa."

"Don ubanka ni za ka yi wa ƙarya? Ni na goya ka! Rijiya ce kai? Ko rijiya ai ana barinta ta taru."

Baba Mai Walda ya ce, "Faɗa masa dai, 'yata. Ni na yi magana har na gaji. Notina duk sun ƙare, ina zargin yara, ashe ɓarawon na gida ne."

Ƙusa ya yi 'yar dariya, sannan ya ce, "Yaya, in ban bayar ba wa zai bayar? Ba wai ƙin bayarwa mutane suke yi kawai ba, babu ne. Ni kaɗai suka samu. In na ji an ce ga yaro can, kuma na san abin yana jikina, ya zan yi in zauna ina cin abinci?"

Na ce, "In ka faɗi fa, wa zai ba ka?"

Ya ce, "Ni ai ba na faɗuwa, ƙusa sai dai ta lanƙwashe."

Na sa shi ya yi mini alkawari ya daina. Ya yi. Kuma ina jin ya cika alkawarin, don na riƙa duba hannunsa kullum kamar mai duba kan yaro. Sai dai an riga an makara. Zazzaɓin da yake ta shiga cikinsa yana fita lafiya, ya tashi kama shi sai ya same shi fanko. Yana cikin walda da rana tsaka ya kife a kan ƙarfen. Masu facin taya suka ɗauko shi a bayan mota, aka aiko mini, na bar dutsen guga a kan rigar mutane na fito ba takalmi.

A asibiti da suka zo cire masa kayan aiki, sai ga noti na zubowa daga aljihu, ƙwal ƙwal ƙwal, suna gangarawa ƙarƙashin gadaje. Ashe da safen nan ya ji an ce ana neman jinin a tanti, ya cika aljihu ya ajiye niyyar zuwa bayarwa in ya tashi aiki. Sista na tsaye. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu, ta dube ni, ta dubi shi. Ta cire gilashinta ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "Ni na yi ta murna na samu mai bayarwa."

Likita ya ce jininsa ya yi ƙasa sosai, zazzaɓin kuma yana ci gaba da cin wanda ya rage. Ledar jini huɗu yake so, ko a ƙalla uku. Na ce ga ni, ku kwashe duka. Aka gwada, nawa bai zo ɗaya da nasa ba.

Na ce, "Ya za a yi bai zo ɗaya ba? Cikinmu ɗaya fa! Nono ɗaya muka sha!"

Sista ta ce, "Haka abin yake, Yaya. In na sa masa naki kashe shi zan yi."

Na ce to su ɗiba duk da haka su ba wani. Suka ɗiba. Ban san wa ya samu ba, Allah ya sa ya yi masa amfani.

Baba Mai Walda ya rufe rumfa, ya bi titi yana tara mutane: masu walda, masu faci, makanikai, direbobin da Ƙusa ya taɓa ɗinke wa salansar mota. Wasu suka zo, wasu suka noƙe. Wani direba ƙato, cikinsa kamar buhu, ya ce shi ya ji ana sayar da jinin ne a ƙasar waje. Baba ya ce, "Naka wa zai saya, duk mai ne?" Wani ya ja Baba gefe yana raɗa, wai an ce in an ɗebi jinin mutum ba ya ƙara iya komai a gida. Baba ya ɗaga murya ya ce, "Da can me kake iyawa? Wuce mu je!" Aka yi ta dariya, aka cika mota. Ni ma na yi dariya, na ce yau an gama.

Ba a gama ba. Rabinsu aka ce da zazzaɓin a jikinsu, ba a ɗibar nasu. Sauran aka ɗiba, firji ya samu abin da ya samu, yara da yawa sun amfana, amma ko mutum ɗaya babu mai irin na Ƙusa. Aka buga waya asibitocin wasu garuruwa, kowa ya ce shi ma nema yake. Aka faɗa a rediyo. Shiru. Shi kuwa yana kwance, numfashi sama-sama, bai san wanda ke kansa ba. Ledar ruwa na rataye a sandar da ya yi da hannunsa. A ɗakin nan kullum sai an fitar da wani an lulluɓe, a goge katifar roba, kafin ta bushe an kawo wani.

Sista ce ta kira ni gefe. Ta ce, "Ba zan iya faɗa miki sunan kowa ba. Amma duk wanda aka sa wa jinin ƙaninki, irinsa gare shi. Kuma irin jinin nan gado ne. Wataƙila uwa, wataƙila uba. Ban ce tabbas ba, kin ga ke ma ba ki da shi."

Ban tsaya jin sauran ba, na nufi makarantar. A sansani ba a ɓoye komai, zane ne kawai tsakanin gida da gida. Na tambayi mata masu wanke-wanke a bakin famfo, suka ce ai kowa ya san yaran da aka sha wahalar neman jininsu. Ɗaya, iyayensa sun kwashe sun koma ƙauye bayan an binne shi. Mai haihuwar bayan kasuwa ta rayu, amma ko tsayuwa ba ta iya yi, danginta kuma suna nesa. Saura yarinyar tanti. Suka nuna mini ubanta, wani mai gyaran takalma, yana zaune a gindin katanga da akwatinsa, ba takalmi ko ɗaya a gabansa. Suka ce in bi a hankali, yarinyar ta rasu, uwarta ma ta bi ta.

Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa gaisuwar rashi, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ɗan siririn nan mai sanduna?"

Na ce, "Shi."

Ya ce, "An sa mata jininsa. Ga ni nan zaune ni kaɗai. Me ya tsare?"

Gaskiya ya faɗa.

Ya ce, "Baiwar Allah, na shiga tantin nan da mutum biyu na fito ba ko ɗaya. Ko warin wurin ba na son ji. Ki yi haƙuri."

Na ce, "Baba, ban zo in ce ana binka bashi ba. Shi bai ma san na zo ba, bai san inda yake ba. Ni dai ba ni da wani ɗan'uwa sai shi. In ka gwada bai zo ɗaya ba, shi ke nan, na gode."

Ya ɗauki burushi yana goge akwatin da ba ƙura. Na jira, na jira, na tashi na tafi. A hanya na zauna a bakin kwata na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kawo shi.

Yau da safe ina goge wa Ƙusa fuska sai na ji ana tambaya a baranda, "Ina wurin da ake ɗibar jinin?" Na leƙa, sai ga mutumin da akwatinsa a rataye. Ya gan ni ya kau da kai ya ce, "Na zo ne a gwada kawai, don ki bar ni in huta."

Aka gwada. Ba zazzaɓi. Nauyi ya kai. Da Sista ta fito daga ɗakin gwaji sai kai kawai ta gyaɗa mini. Jama'a, na yi guɗa a cikin asibiti! Mai gadi ya zo zai fitar da ni, na ce fitar da ni, ɗauke ni ma ka jefar, an samu! Na rungume Sista, na rungume wata mata da ban taɓa gani ba. Na durƙusa gaban mai gyaran takalma, ya ce, "Tashi don Allah, kina tara mini mutane."

Leda ɗaya aka ɗiba. Na ce a ƙara, mutumin ma ya ce a ƙara, Sista ta ce ko sama za ta faɗo ba za ta ƙara ba, ta gaji da kwantar da masu bayarwa. Aka rataya. Na zauna ina kallon ɗigon nan yana sauka ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Kafin azahar leɓensa ya fara yin ja-ja. Can sai ya motsa, ya buɗe ido, ya dube ni ya daɗe, ya ce,

"Yaya, wa ya mutu kika yi muni haka?"

Na ce, "Ubanka ne ya mutu, ɗan banza!" Ina dariya ina kuka ina dukan katifa. Ya ce yunwa yake ji. Yunwa! Na ba shi shayi a cokali ya sha rabin kofi, har yana cewa sukari bai ji ba.

Likita ya zo ya duba, ya kira ni baranda. Ba zan ɓoye muku abin da ya ce ba. Ya ce kada in saki jiki. Leda ɗaya ta ɗaga shi ne kawai, zazzaɓin na nan yana ci, in ba a samu sauran ba nan da 'yan kwanaki za a koma inda aka fito, kuma fitsarinsa ya ragu, abin da ba ya so ke nan. Na ce ina za a samu sauran? Ya ce shi ma bai sani ba. Mutumin nan ba zai sake bayarwa ba sai bayan wata uku. Na ce na ji. Na goge fuska na koma ciki, don ƙanena na farke kuma ba zan ɓata lokacin a baranda ba.

Na tarar mai gyaran takalma ya shigo, yana tsaye a ƙarshen gado da auduga a hannu, wai zai yi sallama. Ƙusa ya ƙura masa ido, ya gane shi.

Ya ce, "Baba, kai ne? Kai ka ba ni?"

"Ni ne."

"Allah ya saka. Ina 'yar ƙawata mai kitso biyu? Ta tashi?"

Na yi ta ƙifta wa mutumin ido. Bai ko kalle ni ba. Ya ajiye akwatinsa ya zauna a kai.

Ya ce, "Ta rasu, ɗana."

Ƙusa ya rufe ido. Na ce a raina shi ke nan, ya kashe mini shi.

Mutumin ya ce, "Tsaya ka ji. Kafin a sa mata jininka ba ta san ni ba, ba ta san uwarta ba. Da aka sa, ta farka. Ta yi 'yan kwanaki. Ta ci ayaba, ta ce in gyara mata silifas ɗinta da ya tsinke, na gyara a gabanta tana yi mini faɗa wai ɗinkin ya karkace. Ta kwanta a cinyata ta yi ta surutu. Jiya yayarka ta zo na ce mata jininka bai tsare komai ba. Da ta tafi na zauna ina tunani, sai na ga duk abin da nake tunawa na yarinyar nan, na kwanakin nan ne."

Ni na gane abin da nake ji, ba sai an fassara mini ba: wataƙila irin 'yan kwanakin nan ne aka ba ƙanena shi ma. Na dubi ledar, ta kusa ƙarewa.

Ƙusa ya buɗe ido ya ce, "Ɗinkin ya karkace ɗin da gaske?"

Mutumin ya ce, "Ya karkace mana. Hannuna rawa yake yi."

Suka yi dariya su biyu, ƙasa-ƙasa. Sannan Ƙusa ya juyo ya ce, "Yaya, sauran shayin nan fa? Ki ƙara sukari."

Na ƙara cokali biyu. Ya shanye tas.